Hallstatt: Ƙauyen da Gishiri Ya Kafa Tsakanin Dutse da Tafki

A ƙasar Ostiriya, cikin tsaunukan Alps, tafiyar kilomita 70 ko sama da haka kaɗan daga birnin Salzburg, akwai wani ƙauye mai suna Hallstatt wanda mazaunansa ba su cika 800 ba. Gabansa tafki ne mai zurfi, bayansa dutse ne a miƙe. Babu filin noma na kirki, kuma da hunturu wasu unguwanninsa kan yi watanni rana ba ta leƙa su ba, saboda tsaunin da ya tare ta. Duk da haka mutane sun shafe dubban shekaru suna zaune a wurin. Masana sun sa wa wani zamani guda na tarihin Turai sunan ƙauyen, a yau kuma baƙi wajen miliyan ɗaya ke tururuwa zuwa cikinsa kowace shekara.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya kawo mutane wannan matsatsi, akwai abin da ya riƙe su, akwai kuma abin da ke neman korar jikokinsu a yanzu. Wanda ya bi waɗannan abubuwa uku daki-daki zai fahimci ƙauyen fiye da wanda ya tsaya a bakin ruwa ya ɗauki hoto ya wuce.

Yadda ƙasar take

Tafkin Hallstatt yana kan tudu, mita 508 sama da teku. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8 da rabi, zurfinsa kuma ya kai mita 125 a inda ya fi nutso. Tulin ƙanƙarar da ya lulluɓe tsaunukan a zamanin tsananin sanyi na duniya shi ya ƙwaƙule kwarin, da ya narke sai ya bar ruwa a cikinsa. Kogin Traun yana shiga tafkin ta kudu, a wajen ƙauyen Obertraun, ya fita ta arewa, ya ratsa garuruwan Bad Ischl da Ebensee da Gmunden, har ya faɗa cikin kogin Danube kusa da birnin Linz. A riƙe wannan kogi a zuci, domin shi ne hanyar da dukiyar ƙauyen ta riƙa bi tana fita duniya.

Ta kudu tsaunin Dachstein ne ya yi wa yankin rumfa, ƙololuwarsa na da tsayin mita 2,995, kuma har yanzu akwai ragowar daskararriyar ƙanƙara a kansa rani da damina. Tsakiyar ƙauyen tana zaune ne a kan ɗan tarin tsakuwa da yashi da wani rafi mai suna Mühlbach ya gangaro da su daga kan dutse ya zube a bakin tafki. Wannan ɗan fili shi ne kasuwa, shi ne dandali. Sauran gidajen kuwa an jera su ne a jikin gangare, wani bisa kan wani, har ƙofar na sama kan yi daidai da rufin na ƙasa. Ƙarancin wuri ya kai ga mutane na dasa itatuwan marmari manne da bangon gida, suna miƙar da rassansu a jikin bangon don kada su ci hanya.

Rafin da ya ba su filin shi ne kuma barazanarsu. A watan Yunin 2013 ruwan sama mai ƙarfi ya sa ya yi ambaliya, ya kwararo da laka da duwatsu ta tsakiyar dandalin. Zama a Hallstatt ya daɗe yana nufin zama da ido ɗaya a kan dutsen da ke sama.

Abin da ke cikin dutsen

Sama da ƙauyen, hawan fiye da mita 300, akwai wani ɗan kwari a ƙarƙashin tsaunin Plassen. Nan asirin yake. Shekaru wajen miliyan 250 da suka wuce wani teku marar zurfi ya ƙafe a yankin, ya bar gishiri mai kauri a ƙasa. Da tsaunukan Alps suka taso, sai motsin ƙasa ya murɗe wannan gishiri, ya cakuɗa shi da yumɓu, ya turo shi sama har kusa da inda hannun mutum zai iya kaiwa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da gishiri ke iya yi wa wuri. Bilma da Fachi suna tsakiyar Sahara, inda babban dalilin zama shi ne kantun gishirin da ayari ke zuwa ɗauka. Haka Hallstatt take, sai dai ita ƙanƙara da dutse ne suka kewaye ta maimakon rairayi. Kafin zuwan firji, wanda ke da gishiri shi ke iya ajiye nama ya kai shi hunturu, shi ke iya ƙosar da dabbobinsa, shi kuma ake bi da kaya ana roƙon musaya.

Wata diga da aka sassaƙa da ƙahon dabbar daji, wadda aka tsinta a wurin, ta nuna cewa mutane na neman gishiri a nan tun wajen shekaru 7,000 da suka wuce. Zuwa wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aikin ya riga ya zama babbar sana'a mai tsari. Mahaƙan zamanin tagulla sun nutsa ramuka da zurfinsu ya haura mita 100, suna haskawa da siraran tsinkayen itace da ake kunnawa kamar fitila.

Dalilin da ya sa aka san wannan duka shi ne gishiri ba ya barin abu ya ruɓe. Abin da a wani wuri ƙasa za ta cinye cikin 'yan shekaru, a nan ya zauna shekara dubu uku: igiyoyi, takalman fata, huluna, ƙyallayen ulu masu launi da zane, da jakunkunan fatar shanu da ake goya gishiri a ciki, waɗanda aka yi musu wata sanda ta yadda mai ɗauka zai juye kaya ba tare da ya sauke jakar ba. A farkon ƙarnin nan masu bincike daga gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Viyana suka tono wata matakalar katako mai tsawon mita 8. Da aka ƙirga zoben shekaru a jikin itacen, sai aka gane an sare shi ne fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Ita ce matakalar katako mafi tsufa da aka sani a Turai, kuma an yi ta ne ta yadda za a iya kwance ta a sake haɗawa a wani ramin.

Har abincin mahaƙan an sani. Bayan gidan da suka bari a cikin ramuka ya nuna suna cin fate na sha'ir da gero da wake, da ɗan nama a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano a cikinsa alamun cuku da giya na wajen shekaru 2,700 da suka wuce. Ƙasusuwan matattu kuma sun nuna cewa aikin bai bar kowa ba: maza na sara, mata na ɗaukar kaya masu nauyi, yara ma an sa su tun suna ƙanana. Arzikin Hallstatt da gumi aka tara shi, cikin duhu da sanyi.

Dutsen ma bai bar su sun huta ba. Fiye da sau ɗaya ƙasa ta zaftare ta cike ramukan, ta tsayar da aiki. Duk lokacin da haka ta faru, sai a dawo a buɗe sabon rami a wani gefen. A 1734 wasu mahaƙa suka ci karo da gawar wani mutumin zamanin da, gishiri ya adana ta da tufafinta. Suka sauko da ita ƙauye aka binne, shi ke nan ta ɓace wa masu bincike.

Maƙabartar da ta ba zamani suna

A 1846 shugaban ma'aikatan ramin, Johann Georg Ramsauer, ya gano wata tsohuwar maƙabarta a wannan kwari na sama. Daga shekarar zuwa 1863 ya tono kaburbura kusan 1,000. Ramsauer ma'aikacin gishiri ne, bai yi karatun tarihi ba, amma ya yi abin da masana da yawa na zamaninsa ba su yi ba: ya rubuta bayanin kowane kabari, ya sa aka zana yadda gawa take kwance da abin da ke kusa da ita. Saboda wannan tsanaki nasa ake cin moriyar aikin har gobe.

Kayan da aka samu sun girgiza masana. Akwai takubban ƙarfe da na tagulla, tasoshin tagulla, duwatsun wuya na gilashi, da ƙotar takobi ta hauren giwa da aka yi wa ado da daskararren ƙaron itace mai ruwan zuma, irin wanda ake samowa daga gaɓar tekun Baltik. Giwa ba ta rayuwa a Alps, tekun Baltik kuma yana can arewa mai nisa. Ke nan gishirin wannan lungu yana da masu saye a wurare masu nisan gaske, kuma abin da suke biya da shi yana dawowa har cikin kaburburan mutanen da suka haƙo shi.

A 1874 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hans Hildebrand, ya raba zamanin ƙarfe na Turai gida biyu, ya kira kashin farko da sunan Hallstatt. Tun daga nan duk mai karanta tarihin Turai na tsakanin shekara ta 800 zuwa 450 kafin Miladiyya, daga gabashin Faransa har zuwa Hangari, sai ya ambaci sunan wannan ƙauye.

Gishirin sarki

Rumawa sun zauna a wurin bayan sun haɗiye yankin, an kuma tono gine-ginensu a unguwar Lahn da ke kudancin ƙauyen. Amma Hallstatt da ake gani yau ta samo siffarta ne a hannun gidan sarautar Habsburg. A 1284 basarake Albrecht na Ɗaya ya gina hasumiyar tsaro a bakin kwarin gishiri, ya sa mata sunan mahaifinsa Rudolf. Ba da jimawa ba ya gwabza da babban limamin cocin Salzburg, wanda shi ma mai ƙasa ne kuma mai gishiri, a kan wa zai mallaki kasuwar. A 1311 matar Albrecht, Sarauniya Elisabeth, bayan rasuwar mijinta, ta ba Hallstatt izinin cin kasuwa, ta kuma mayar da haƙar gishiri aikin hukuma.

A lokacin dabarar aikin ta riga ta canza. Maimakon a sassaro gishirin da diga, sai a haƙa ɗaki a cikin dutse a cika shi da ruwa. Ruwan ya narkar da gishirin, yumɓu ya kwanta a ƙasa, a janyo ruwan da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa gishiri ne, a tafasa shi a manyan faranta na ƙarfe har ya ƙafe. Wannan dabara tana cin itace ba kaɗan ba. Wuta na so, shingen ramuka na so, gangunan zuba gishiri na so, jiragen da ke kai shi ta kogin Traun su ma na so. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 dazuzzukan da ke kewaye da tafkin sun kasa ɗaukar nauyin.

Maganin da aka samo abin a jinjina wa masu shi ne. Tun da ba a iya kawo daji wurin gishiri, sai aka kai gishiri wurin daji. Daga 1595 zuwa 1607 aka huda gungumen itace wajen 13,000, aka harhaɗa su baki da baki, suka zama bututu mai tsawon kilomita 40 daga Hallstatt zuwa Ebensee, inda itace ke da yawa. Babu inji, gangaren ƙasa kaɗai ke tura ruwan. Har yau ruwan gishirin Hallstatt wannan hanya yake bi zuwa masana'antar Ebensee, sai dai bututun roba ya maye gurbin na itace.

Kuɗin gishiri kai tsaye baitulmalin sarki yake shiga, don haka aka killace yankin baki ɗaya, wanda ake kira Salzkammergut, aka ɗora shi a ƙarƙashin ofishin gishiri da ke Gmunden. Baƙo ba ya shiga sai da izini. Ma'aikaci na da tabbacin aiki da hatsi mai rangwame da kulawar likita, amma ladansa kaɗan ne, kuma hukuma na da ta cewa har a kan aurensa.

Wannan matsi ya fito fili a kan addini. A ƙarni na 16 ma'aikatan gishiri da yawa sun karɓi koyarwar Martin Luther suka zama 'yan Furotesta, alhali sarakunan Habsburg 'yan Katolika ne. An murƙushe borensu a farkon ƙarni na 17, sauran suka ci gaba da ibadarsu a ɓoye. A 1734, shekarar da aka tsinci waccan gawa a cikin gishiri, aka fara kwashe ɗaruruwansu daga Hallstatt da maƙwabtanta ana kai su Transilbaniya, cikin Romaniya ta yau. Sai a 1781 Sarki Joseph na Biyu ya ba su 'yancin ibada. Cocin nan mai tsinin hasumiya da ke tsakiyar kowane hoton Hallstatt nasu ne, an kammala shi a 1863. Yawancin masu ɗaukar hotonsa ba su san cewa jikokin waɗanda suka tsira daga kora ne suka gina shi ba.

Matattu ma sun ɗanɗana ƙarancin wuri. Maƙabartar cocin Katolika 'yar ƙarama ce a jikin dutse, don haka a da, bayan shekara goma zuwa goma sha biyar, akan tono ƙasusuwa, a wanke, a shanya, a ajiye su a wani ɗaki na gefen coci don a samu gurbin wani. Tun wajen 1720 aka fara rubuta sunan mamaci da shekarunsa a goshin ƙoƙon kansa, a zana masa furanni ko ganye. Akwai ƙoƙon kai kusan 1,200 a ɗakin, wajen rabinsu da rubutu, na ƙarshe an ajiye shi a 1995 bisa wasiyyar mai shi. Al'adar za ta yi wa mai karatu Musulmi nauyi, amma a wurin mutanen ƙauyen hanya ce ta hana sunan iyaye ɓacewa a ƙasar da ba ta da filin riƙe kabarinsu.

Buɗewar hanya

Gobarar 1750 ta cinye tsakiyar ƙauyen, gidajen da ke kewaye da dandali a yau bayanta aka gina su. Har cikin ƙarni na 19 kwalekwale da 'yar turbar ƙafa su ne hanyar shiga. Jirgin ƙasa ya iso a 1877, amma babu inda za a shimfiɗa dogo a gefen ƙauyen, sai aka yi tashar a tsallaken tafki. Har yanzu wanda ya sauka daga jirgin ƙasa sai ya shiga jirgin fito. Titin bakin ruwa ya samu a ƙarshen ƙarnin, bayan an fasa dutse an rushe wasu gidaje. A 1966 aka buɗe hanyar mota da aka huda ta cikin dutsen bayan gari, wadda ta ɗauke wa tsakiyar ƙauyen wucewar motoci.

Da injuna suka shigo, ramin gishiri ya rage buƙatar hannaye. Yawan jama'a ya riƙa raguwa: a farkon ƙarnin nan sun haura 900, yanzu ba su kai 800 ba. Abin da ya cike giɓin shi ne baƙi. A 1997 hukumar UNESCO ta sa Hallstatt da yankin Dachstein cikin wuraren tarihi na duniya. A 2006 wani wasan kwaikwayo na talabijin ɗin Koriya ta Kudu ya nuna ƙauyen ga miliyoyin masu kallo a Asiya. A 2012 wani kamfanin ƙasar Sin ya buɗe kwafin tsakiyar ƙauyen, da cocinsa da dandalinsa, a lardin Guangdong. Sai kuma wayar hannu da Instagram suka ƙarasa aikin.

Nauyin da ya fi ƙarfin wuri

A ranakun cunkoso baƙi kan kai 10,000, wato fiye da mutum goma a kan kowane ɗan gari. A 2018 kaɗai manyan motocin bas sama da 19,000 suka shigo. Yawancin masu zuwa ba sa kwana. Sukan yi awa biyu ko uku, su nufi wani lungu a arewacin ƙauyen inda hoto ya fi kyau, su koma mota.

Adalci ne a faɗi abin da wannan ya kawo. Ƙauyen da a da yake fama da gibin kuɗi yanzu yana samun kuɗin shiga daga wurin ajiye motoci da sauran hidimomi, akwai aikin yi rani da hunturu, kuma tsofaffin gidaje na samun gyara. Masu zuwan ma ba su yi laifi ba, sun ga abu mai kyau ne suka so su gan shi da idonsu. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mazauna na kukan ana leƙa musu taga, ana shiga musu farfajiya, ana tayar da ƙananan jirage masu kyamara a kan gidajensu, har jana'iza ba ta tsira daga masu ɗaukar hoto ba. Kantunan kayan masarufi na komawa na kayan tsaraba, kayan abinci sun yi tsada, gidan da matashi zai zauna ya yi aure ya fi kawo kuɗi idan an ba baƙo haya.

Hukumar ƙauyen ta gwada dabaru. Tun 2020 sai bas ta nemi lokaci tun kafin ta zo, kuma an ƙayyade adadin da zai shiga a rana. A watan Mayun 2023 aka kafa shingen katako a wurin ɗaukar hoton, aka cire shi cikin 'yan kwanaki saboda surutun da ya jawo. A watan Agustan shekarar, wasu mazauna suka tare hanyar cikin dutse na ɗan lokaci, suna neman a sa iyaka ga yawan masu shigowa kowace rana, a kuma hana bas shiga da yamma.

A ganina masu wannan buƙata suna da gaskiya, kuma tarihin ƙauyen ne hujjarsu. Abin da ya sa Hallstatt ta zama abin zuwa gani shi ne al'umma ce mai rai wadda ta daɗe tana aiki ɗaya a wuri ɗaya: ana haƙar gishiri har yau, makarantar koyon aikin katako na ɗaukar ɗalibai, ana yin jerin gwanon addini a kan kwalekwale kamar yadda ake yi tun ƙarni na 17. Gine-ginen kam an riga an nuna a Guangdong cewa kuɗi na iya kwaikwayon su. Abin da kuɗi ba ya iya kwaikwaya shi ne iyalan da suka san sunayen da ke rubuce a ɗakin ƙasusuwa, kuma su ne ke raguwa.

Kakanninsu sun taɓa fuskantar irin wannan a ƙarni na 16, lokacin da sana'ar da ke ciyar da su ta fara cinye dajin da ta dogara da shi. Sun yarda cewa wuri na da iyaka, suka raba nauyin da Ebensee, sana'ar ta ƙara shekara 400. Yankin Salzkammergut na da tafkuna da ƙauyuka da yawa da za su iya ɗaukar wani kaso na baƙin. Ƙayyade adadin masu shigowa a rana, fifita mai kwana a kan mai wucewa, da keɓe gidaje ga masu zama na dindindin za su rage wa wasu 'yan kasuwa ciniki, kuma za su hana wasu matafiya shiga ranar da suka so. Wannan asara ce ta gaske, amma ta fi sauƙi a kan ranar da makarantar firamaren ƙauyen za ta rasa yaran da za ta koyar. Hukumomin jiha da na tarayya ne ke da ikon doka a kan hanyar shiga, don haka su ya kamata su ba ƙauyen damar sa wannan iyaka tun yana da mutanen da za su amfana da ita.